Sigarin Duilio a Firiza

A tashar bas ta garin Lucca, a Italiya, wata tsohuwa ta buɗe akwatin sigarin ganye a cinyarta. Dattijon da ke gefenta ya leƙa.

"Baiwar Allah, waɗannan hujojin aikin ƙwaron taba ne. Zai cinye duka."

"Na marigayi mijina ne, Duilio. Ni ƙamshin kawai nake shaƙa kowace safiya."

"Ki ƙulle su a leda. Kwana ɗaya a firji, uku a firiza, ɗaya kuma a firji, kar ganyen ya tsage. Sanyi zai kashe har ƙwan."

"Duilio fa ko da bazara da safa yake kwana. Ba ya son sanyi."

"Kwana uku ne kawai."

Ta rufe akwatin a hankali.

"To zan naɗe ledar da rigar sanyinsa."

"Naɗe. Sai ki ƙara kwana ɗaya."