Ciyawar Jami'ar Hadiza

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni manomin rani ne daga Bunkure.

Da ƙuruciyata nakan kai albasa wata 'yar makarantar koyon aikin akawu a birni, ajujuwa biyu a gindin darbejiya. Yau ta zama jami'a, 'yata Hadiza tana karatun injiniyan ruwa a can.

Da na ziyarce ta, na ga fili kore shar ana masa ban-ruwa. Na tambayi maigadi yaushe za a girbe. Ya yi dariya, ya ce ciyawar ado ce.

Tun ranar nake mafarkin Hadiza tsaye a bakin kanal ɗinmu, ruwa yana isa fangalin ƙarshe, wato nawa. Ita kuwa zaman birni take so.

Masu sauraro, in faɗa mata, ko in bar ta da nata mafarkin?