Bar Ta Ta Yi Ta Ƙara

A tashar mota, wata budurwa tana zaune rungume da ƙaramar fanka, tana ta murmushi ita kaɗai. Dattijuwar da ke gefenta ta kasa haƙuri.

"'Yata, albishir aka yi miki ne?"

"Aiki zan bari, Mama! Yau na ɗauko fankata daga ofis, gobe kofina, jibi kuma ni kaina."

"Kin samu wani?"

"Ko ƙamshinsa ban ji ba!" Ta kwashe da dariya. "Amsa wayar kwastomomi nake yi. Jiya mahaifiyata ta kira ni, na ce mata, 'Mun gode da kira, da me zan taimaka?' Ta ce in taimaka in dawo hayyacina."

"Kai, yaran zamani! Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ni tun kafin a haife ki nake sakatariya a wuri ɗaya, ban taɓa..."

Wayar dattijuwar ta ɗau ƙara. Zumbur ta miƙe tsaye.

"Manajanmu ne."

"Mama, ai an tashi aiki. Kuma ba ya ganinki fa, me ya miƙar da ke?"

Dattijuwar ta dubi ƙafafunta, ta koma ta zauna a hankali. Wayar ta yi ta ƙara a cinyarta har ta katse. Sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Ashe haka abin yake da daɗi? 'Yata, riƙe min hannu gam, ga shi yana sake kira!"