Minti Sha Biyar Kafin a Kunna Kyandir

Jawabin Sista Sanda Moraru a taron cika kwana arba'in da rasuwar Teofil Prodan, a zauren cocin Lunca Veche

Mai girma Fada Ilarie, limamin cocinmu. Mai girma shugaban gari. Dakta Otilia Cernat, shugabar ofishin lafiya na gunduma, da ma'aikatanta da suka taso takanas. Yaya Aurica, uwargidan marigayi. 'Yarsa Ilinca da maigidanta da jikoki. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya. Jama'ar Lunca Veche maza da mata, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Na lura da na miƙe wasu sun kalli juna, kamar su ce, "Duk garin nan ita aka samu?" Ban ga laifinku ba. Ni ce shugabar ma'aikatan gidan jinyar masu ciwon ajali da ke bayan tsohuwar makaranta, kuma kowa ya san babu wanda ya kai ni yin faɗa da Sufeto Teofil. Shi gwamnati ta ɗora wa duba irin gidajenmu da ba su lasisi, ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina kiransa Dubagari a bayan idonsa, wani lokacin ma a gabansa. Da Ilinca ta zo ta ce ni zan yi magana yau, na ce mata, "Anya 'yar nan, kin yi shawara?" Ta ce, "Baba ne ya ce. Wai ke ce kaɗai ba za ki shafa masa mai ba." To, zan yi ƙoƙari kada in ba shi kunya.

Ya kasance mutum mai tsauri, wannan babu ja. Ranar da ya fara zuwa mana, sabuwar doka ta fito cewa duk gida irin namu sai ya sami lasisi, in ba haka ba a rufe shi. Gadajenmu goma sha biyu, kuma duk da mutane a kai. Na dafa kofi, na yanka cuku, na sa rigar da na fi so. Ya shigo da jakarsa ta fata da ta ƙoƙe, ya ce, "Na gode, Sista, na karya a gida." Ko zama bai yi ba. Ya zaro tef ɗin awo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin farko.

"Ƙofar nan ta gaza da santimita huɗu," in ji shi.

Na ce, "Malam Teofil, santimita huɗu? Faɗin yatsu biyu fa ke nan."

Ya ce, "Gado zai fita ta nan da mutum a kansa?"

Na ce, "Sai an ɗan karkata shi."

Ya ce, "To ranar da hayaƙi ya cika ɗakin, wa zai tsaya karkatawa?"

Ashe ba a fara komai ba. Ya ja aljihun teburin da ke gefen gado na farko, sai ga kyandir da ashana. Ya ja na biyu, haka. Har na goma sha biyu. Ku duka kun san dalili. A garin nan ba mu yarda ɗan'uwanmu ya cika babu kyandir mai ci a hannunsa ba, don kada ya kama hanya cikin duhu. In aka ce wane ya mutu ba kyandir, iyalinsa sai su shekara suna jin abin a ransu. Amma rabin mutanenmu da oksijin suke numfashi, doka kuma ta ce inda akwai oksijin ba a kunna ko tsinken ashana.

Na yi maza na ce, "Yau ɗin nan za mu kwashe su."

Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Sista, a garin nan aka yanke mini cibiya. Ki kwashe yau, gobe su koma ƙarƙashin matashi, wanda ya fi haɗari. Kada ki faɗa mini abin da ni da ke muka san ba haka ba ne."

A gado na bakwai akwai Inna Saveta, wadda tsofaffin cikinku suka sani da kiwon zuma a kan tudu. Nata kyandirin ita ta yi shi da hannunta, da kakin zumarta, tun kafin ciwo ya kwantar da ita. Ni da wayona na taɓa kawo mata na lantarki mai batir, ta ce in kai wa jikokina su yi wasa. Da ta ga baƙo ya ɗauki kyandirinta, sai ta ɗago kai.

"Kai, ajiye mini abina. Ɗan gidan wa ne kai?"

"Ɗan Floarea ne, Inna, ta bakin gada."

"Au, kai ne Teofil mai manyan kunnuwa? To ka ji. Ranar da uwarka za ta cika kana can birni wajen karatu. Ni na kunna mata, ni na riƙe hannunta a kan kyandirin har ta tafi. Yanzu kai ne za ka zo da biro ka hana ni nawa?"

Jama'a, na ga ya mayar da kyandirin inda ya ɗauko shi. Na ce a raina, shi ke nan, mun sha. Sai ya fita baranda, ya buɗe littafinsa, ya rubuta cewa an sami wuta kusa da oksijin a ɗakuna duka, ya ba mu wata biyu mu gyara ko a rufe. Na bi shi har bakin mota ina faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba a gaban Fada. Na ce masa mutum goma sha biyu zai mayar gidajen da babu mai yi musu allurar rage zafi, ko asibitin gunduma mai nisan kilomita sittin, inda za su mutu a hannun baƙi. Ya shiga motarsa ya tafi. Sai daga baya Yaya Aurica ta gaya mini cewa tun yana sabon ma'aikaci an taɓa tura shi binciken gobara a wani asibiti a wata gunduma, inda oksijin ya kama da wuta. Abin da ya gani a ɗakin nan bai taɓa ba kowa labarinsa ba, ita ma daga yadda ya daina cin gasasshen nama ta gane.

Ya kasance mutumin da ba ya kawar da kai daga doka, amma kuma ba ya jefa maka ita ya yi tafiyarsa. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi ya dawo, ba jaka, cikin rigar aikin gona, tare da wani abokinsa ɗan kwana-kwana. Ya ce, "Ina ɗakin da kuke ajiye dankali?" Na nuna masa, can ƙarshen baranda, mai ƙofa zuwa lambu. Suka auna, suka ƙwanƙwasa bango, suka yi ta gardama. Ya ce, "Doka ta ce kada wuta ta haɗu da oksijin. Ba ta ce kada mutum ya mutu da kyandir ba. Mu raba su."

Haka aka yi ɗakin da kuke kira ɗakin kyandir. Babu bututun oksijin a cikinsa, babu labule, ƙasa siminti, ga tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa. Shi ya zauna ya rubuta yadda za a yi, daki-daki. In likita ya ga lokaci ya yi, kuma mara lafiya ko iyalinsa sun nema, sai a rufe oksijin, a canza riga da zanen gado saboda yadi yana riƙe iskar, a buɗe taga, a jira minti goma sha biyar. Sannan a turo gadon zuwa ɗakin, a kunna. A nan na gane amfanin santimita huɗun nan, domin sai da aka faɗaɗa kowace ƙofa kafin gado ya iya fita.

Minti sha biyar ɗin nan kuwa mun sha faɗa a kansa. Na ce, "Malam Teofil, mai shirin cikawa ba ya jiran agogo. Ka mayar da shi biyar."

Ya ce, "Sha biyar."

Na ce, "Goma."

Ya ce, "Sista, ba kasuwar Alhamis muke ba."

Ba na ɓoye muku, akwai waɗanda suka cika cikin minti sha biyar ɗin, kafin a kai su. Mutum tara ne cikin shekara goma sha ɗaya, ina riƙe da sunayensu. Duk lokacin da hakan ya faru nakan buga masa waya in faɗa masa, da gangan, don ya ji abin da na ji. Kuma duk lokacin sai ya zo jana'izar, ya tsaya a baya, hularsa a hannu.

Ya kasance mai naci. Takardar da ya rubuta ba ta da ƙarfi sai manya sun sa hannu, don haka sau uku yana hawa jirgin ƙasa zuwa Bukares, babban birnin ƙasa, da ita. A ofis suka laƙaba masa Sufeton Kyandir. Wani babba ya ce masa an ɗauke shi aiki ne don ya duba gini, ba don ya zama limami ba, har takardar gargaɗi aka ba shi. Saura kwana biyu wa'adinmu ya cika ya shigo da lasisin, ya ajiye mini a tebur, ya ce, "Ki manna shi inda ido zai gani, kada ki sa a aljihun tebur, na san halinku da aljihun tebur." Ran nan ma bai sha kofin ba.

Inna Saveta ce ta fara shiga ɗakin, wata Talata da safe, kyandirin zumarta a hannu. Daga ita zuwa yau mutum ɗari huɗu da wani abu sun bi ta ƙofar nan. A cikinsu akwai iyayen mutane da yawa daga cikinku. Ko gefen bargo bai taɓa ƙonewa ba.

Bara da kaka ciwon huhu ya kama shi. Da likitoci suka ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ya ce a kawo shi wajenmu. Ana shigo da shi a keken guragu, bututu a hanci, ya ce a tsaya a bakin ƙofa, ya duba kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara. Na ce, "Dubagari, ko yanzu?" Ya ce, "Musamman yanzu." A ran nan ne ya fara shan kofina, ya ce ai yanzu ba a bakin aiki yake ba, kuma kofin bai kai yadda ake yabonsa ba.

Yaya Aurica, ki gafarce ni, zan faɗi abin da ya faru ranar ƙarshe, domin ya kamata garin nan ya ji. Wajen ƙarfe goma na safe likita ya ce lokaci ya yi. Muka rufe oksijin, muka canza masa riga, muka buɗe taga. Ilinca na riƙe da kyandir, ni ina riƙe da agogo. A minti na tara numfashinsa ya fara yankewa. Shekara talatin ina wannan aiki, na san wannan numfashin. Yaya Aurica ta kama hannuna ta ce, "Sanda, don girman Allah, kada ya tafi a duhu." Ni kuwa na taka birkin gadon na sake shi, na ce da Ilinca, "Kama can, mu tafi." Na yi niyyar karya dokar, Dakta Otilia, ki rubuta in kina so.

Sai na ji an riƙe mini gefen riga. Ya buɗe ido, ya kalli agogon bango, ya kalle ni. Da ƙyar muryar ta fito. Ya ce, "Saura shida, Sista."

Muka tsaya. Ban taɓa ganin minti shida masu tsawo irin waɗannan ba. Yana jan numfashi ɗaya, sai mu ce shi ke nan, sai ya sake jawo wani, idonsa a kan agogo. Da sha biyar ta cika ya saki rigata. Muka tura gadon, ya wuce ta ƙofar da ya sa aka faɗaɗa, bai gogi ko'ina ba. Ilinca ta kunna, uwarta ta naɗe yatsunsa a kan kyandirin ta riƙe. Kakin bai kai ga ɗiga ba ya cika.

Yaya Aurica, mijinki ya tafi da haske a hannunsa, kuma bai ci bashin minti ɗaya daga dokar da ya ɗora wa 'ya'yan wasu ba. Ilinca, ki gaya wa yaranki haka in sun girma. Dakta Otilia, da bazara lasisinmu zai ƙare. Ki turo mana wanda zai zo da tef ɗin awo, ya ja kowane aljihun tebur, ya ƙi shan kofi. Abu ɗaya muke roƙo, a bar mana ɗakin nan yadda yake, da minti sha biyar ɗinsa. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina neman a rage, yau ina cewa kada a taɓa ko ɗaya.

Mun gode wa Fada, mun gode wa matan da suka dafa alkamar sadaka, kowa ya ɗiba kafin ya fita. Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo.

Ya Ubangiji, ga bawanka Teofil ɗan Floarea. Ka gafarta masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi cikin rashin sani. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka ba waɗanda ke kwance a gadajenmu goma sha biyu sauƙi. Shi da ya tsaya don kada ɗayanmu ya tafi cikin duhu, ka sa hasken da ya riƙe ya kai shi har gabanka. Amin.