Alhaji Lateef da Ƙafar Mirabel

Malam Liman, Mai Unguwa, dattawan layin masu gyaran rediyo na Kasuwar Sabon Gari, Hajiya Morufat da kika yi rashin miji, Qudus da ƙannenka, maƙwabta na Fagge da waɗanda suka tsallako titi daga Sabon Gari: sannunmu da haƙuri.

Sunana Gidiyon, tsohon direba ne ni. Hajiya ce ta ce in yi magana a wannan addu'ar arba'in. Da furfurata na shiga ajin yamma na koyi rubutu, don haka in kun ji na yi tuntuɓe a takardar nan, ku ba ni lokaci in miƙe. Duk mun gaji. Masu zaman makoki sun gaji, masu girki sun gaji, waɗanda suka yi jinya kuwa ba a magana. Ba zan tsawaita ba.

Alhaji Lateef namu ne. Ya kasance in lasifikar masallaci ta shaƙe ana gab da huɗuba, shi ake kira. In ta cocinmu ce ranar Lahadi, shi ɗin dai, sai ya zo yana mitar mun cika kiɗa. Ya kasance ba ya mayar maka da rediyonka sai ya yi maka faɗa a kan yadda ka wulaƙanta shi. Ya kasance mai tsoron wuta irin tsoron wanda ya san ta. Bai taɓa barin kowa ya kama waya da jiƙaƙƙen hannu a rumfarsa ba.

Amma ni ba a kasuwa na san shi sosai ba. A sashen gashin ƙashi na asibiti na san shi. An yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, ya farfaɗo ƙafarsa ta hagu ba ta amsawa. Jikata Mirabel, tana aji huɗu a lokacin, ita ma an cire mata ƙari a kai, tata ƙafar ta mutu. Likitar gashi, Madam Obiageli, tana da wata 'yar na'ura mai wayoyi. Ana manna su a ƙwauri, a saki wuta kaɗan, tsoka ta tsuke, ƙafa ta ɗaga. Shi kuma majinyaci ya yi ƙoƙarin ɗagawa tare da ita, har ƙwaƙwalwa ta sake gane hanyar ƙafar.

Mirabel da ta ga wayoyin nan sai ihu. Uwarta ta lallashe ta, ni na yi mata tsawa, duk a banza. Alhaji yana gadon da ke kusa, ya ce, "Ke amaryata, wannan kukan na mene ne? Ni da na yi rayuwata ina gudun wuta, ga shi an ɗaure ni tana cizona ban yi kuka ba."

Ta ce, "Ni ba amaryarka ba ce. Ka tsufa."

Ya ce, "To raguwa ce ma, na fasa. Madam, fara da ni ta gani."

Aka kunna, ƙafarsa ta ɗaga. Ya ce, "Kin ga? Tana gaishe ki." Ranar ta yarda. Daga nan ta kafa doka: ba mai manna mata waya sai an fara da Baba Lateef. In ya makara, sai ta naɗe ƙafa cikin zane ta jira.

Kun san gidan nan, kun san benensa. Alhaji a sama yake. Duk ranar gashi Qudus ne yake goya shi ya sauko da shi, ya sa shi a adaidaita sahu, su dawo ya sake hawa da shi. Damina ta wuce, zafi ya zo, wata daminar ta kama. Mai shagon da Qudus yake yi wa aiki a Titin Ibrahim Taiwo ya gaji da makararsa, ya ɗauki wani. Bayansa ya fara ciwo, har yau bai iya sunkuyawa yadda ya kamata. Bai yi ƙorafi ba, domin duk zuwa yana ganin ƙafar mahaifinsa tana ɗagawa, yana cewa sauƙi na tafe.

Abin da ba mu sani ba, a zaman makoki muka ji shi. Madam Obiageli ta zo gaisuwa, ta faɗa da niyyar yabo. Ashe tun farkon jinyar ta gaya wa Alhaji cewa tasa ƙafar ba za ta dawo ba, ya zauna a gida a riƙa motsa masa ita, ya zo asibiti jefi-jefi. Ya ce mata ai ya riga ta sani. Ya ce, "Madam, ni mai gyara ne. Na san bambancin rediyon da ke magana da wanda ke ƙara kawai. Wuta ce ke ɗaga tawa, ba ni ba. Amma ta yarinyar nan tana motsi ko an kashe. In na daina zuwa, ita ma za ta daina zuwa." Ya hana ta faɗa wa kowa.

Qudus yana zaune aka faɗi wannan. Ya tashi ya fita. Tun ranar, in na gaishe shi sai ya kau da kai.

Qudus, ɗana, ban ga laifinka ba. Mutane suna ta cewa Alhaji ya yi sadaka. Gaskiya ne, amma da bayanka ya yi ta, kuma bai tambaye ka ba. Mu da muke yabonsa, ba mu hau benen nan da shi ko sau ɗaya ba. Ban san me ya hana shi gaya maka ba. Wataƙila ya ji tsoron ka ce a'a. Wataƙila ya ji tsoron ka ce to, ka yi ta hawa da sauka ba da wani fata a zuciyarka ba. Ba zan sa masa magana a baki ba yana kabari.

Akwai kuma abin da ba zan iya ɓoyewa ba, ko da a wurin makoki ne. Jikata tana tafiya. Tana jan ƙafar, tana dogara sanda, amma tana zuwa makaranta da kanta. Ni farin cikin nan ya fi ƙarfina. Da safe in na ji ƙarar sandarta a tsakar gida sai in kama dariya ni kaɗai. Na yi ƙoƙarin gyara fuskata kafin in shigo nan, na kasa. Na san kana ganin wannan a fuskata, na kuma san abin da ya ci maka. Ba ni da abin da zan mayar maka da shi.

Ban ce ka huce yau ba. Fushi da mamaci yana da nauyi, ba a sauke shi don tsoho ya yi jawabi. Abu guda nake roƙo. Mirabel tana waje, ta ce akwai maganar da za ta yi da kai, ba ta gaya mini ba. Na ce a ɗauko ta, ta ƙi. In an shafa addu'a za ta shigo da ƙafarta. Ba ta da sauri. Ka daure ka zauna inda kake har ta iso.

Hajiya, na gode da kika ba ni wuri. Malam Liman, na gode da haƙurinku. Allah ya jiƙan Alhaji Lateef, ya yafe masa abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana, ya haskaka makwancinsa. Allah ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya buɗe wa Qudus wata ƙofar, ya warkar masa da bayansa. Amin.