Takardun da Na Ƙona a Hawa na Sha Ɗaya

Da kuɗin firiza na je Maleshiya. Ku daina dariya, gaskiya nake gaya muku. Maigidana Baban Amira kaɗai gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya je ya yi digiri na uku, ni da yara babu mu a ciki. Sai na sayar da firizar da nake ƙanƙara da zoɓo, na haɗa da 'yan kunnen gwal ɗina, muka bi shi Kuala Lumpur. Ke Husna da kike ta cewa sai kin fita waje, matso kusa.

Unguwarmu Ceras ake ce mata, ni dai Caras na ce har na dawo. A hawa na sha ɗaya muke, wani dogon bene da in ka leƙa ƙasa sai jiri ya ɗebe ka. Ba mu yi wata uku ba alawus ya fara makara, ni kuwa kun san ban iya zama hannu rabbana ba. Akwai ɗalibai 'yan gida a Bukit Jalil da suka gaji da shinkafar mamak, wato shagunan abincin Indiyawa. Na fara yi musu tuwo da miyar kuka, masu babur da ake kira ta waya suna zuwa su ɗauka. Matsalar ɗaya ce, takardar zamana ta matar ɗalibi ce, ba a yarda in yi sana'a ba.

Baban Amira ya ce, "Rabi, in aka kama ki ba ke kaɗai za a kora ba. Karatun ne zai tafi gaba ɗaya."

Na ce Allah zai rufa asiri. Amma tun daga ranar, ko mai gadi na hango cikin kaki sai in sauya hanya.

To, mu zo kan shara. A nan gida ka tara komai a bokiti ɗaya, mai kura ya zo ya kwashe, shi ke nan. Can kuwa shara ma aji-aji ce. Takarda daban, roba daban, kwalba da gwangwani daban, ragowar abinci daban. Gwangwanin tumatir sai ka ɗauraye shi kafin ka jefar. Ni Rabi, da girmana, ina wanke shara. A ƙasan bene akwai ɗakin shara mai manyan durom kala-kala, da kyamara a sama, motar hukuma tana da ranar da take zuwa ta kwashi abin da za a sake sarrafawa, wai risaikil.

Manajan ginin wani siririn ɗan Caina ne, Mista Lim, bai san dariya ba. Satinmu na farko ya ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da ledar shararmu.

"Madam, kan kifi da takarda wuri ɗaya? Cannot lah."

"Wa ya ce tawa ce?"

Ya zaro ambulan mai lambar ɗakinmu ya nuna mini. Ya ce in gargaɗi ya kai uku zai kai rahoto, jami'ai su zo har ƙofa da takardar tara. Ni ba tarar ce ta dame ni ba, zuwan ne. Duk wanda ya shigo falona da rana zai ga tukwane. Don haka kaf ginin nan babu wanda ya kai ni iya rarraba shara, har takardar jikin kwalba nake ɓarewa.

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Kun san yadda aka raine mu, takarda mai sunan Allah ba ta zuwa bola. A ƙona ta, a binne tokar. Ga yara suna dawowa daga Islamiyya da takardun ayoyi, ga kalandar masallaci, ga katin biki mai bisimilla a kai. Su kuma Malayawa suna da nasu ajamin, ni ban san na addini da na tallan shinkafa ba, duk abin da na gani da baƙaƙen Larabci sai in ɗauke in adana. Yaya zan zuba wannan a durom ɗin da ake jefa tsohuwar jarida? Kwali ya cika, na biyu ya cika, kyankyasai suka mayar da su gida.

Wata Laraba da hantsi, Baban Amira yana jami'a, yara suna makaranta. Na gama tuwo, na jera robobin abinci wajen arba'in a tsakar falo ina jiran masu babur. Sai na ce bari in rage wannan nauyin kafin su zo. Na ɗauki tsohuwar tukunya na fita baranda, na yi bisimilla, na ƙyasta ashana.

Da farko lafiya lau. Da wuta ta kai kan kalanda mai ƙyalli sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, iska ta juyo da shi cikin falo, ya bi ta tagar kicin ya fita layin ɗakuna. Sai ƙarar na'urar gargaɗin gobara ta tashi, ginin gaba ɗaya ya ɗauka. Na ji ƙofofi suna buɗewa, mutane suna rugawa matakala, yara suna kuka. Na kwara wa tukunyar ruwa, hayaƙin ya ninka. Wallahi ba wutar nake tsoro ba, ta riga ta mutu. Na tsaya tsakanin robobin nan, na rasa wacce zan fara ɓoyewa, kuma a ina.

Aka buga ƙofa. Na buɗe. Mista Lim ne da masu gadi biyu ɗauke da jan tulun kashe gobara. A bayansu ga maƙwabciyata Makcik Salma. Makcik kamar a ce gwaggo ne a wajensu. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, wata takwas ina gaishe ta da ka kawai ina wucewa, don kada hira ta kai mu ga ƙamshin daddawa.

Mista Lim ya tsallake robobin ya leƙa baranda, ya ga tukunya. Ya dawo ya tsaya a tsakiyar falo, ya dubi ƙasa, ya dubi manyan tukwane, ya dube ni.

"Madam, gidan abinci kike yi a nan?"

Abin da nake gani kawai shi ne Baban Amira yana sauka daga jirgi a Kano hannu wofi, saboda ni.

Makcik ta riga ta shiga baranda. Ta fito da guntun takarda rabinta a ƙone, ta karanta ayar a hankali, ta ɗora ta a goshi. Sannan ta ce masa, "Kenduri take yi lah. Sadakar abinci. Ta ƙona takardun ayoyi yadda suke yi a ƙasarsu, za ta ciyar da mutane."

"Waɗanne mutane?"

"Maƙwabta mana. Ga nawa." Ta sunkuya ta ɗauki roba biyu, ta ɗago ta zuba mini ido.

Na gane. Tsohuwa mai tasbaha a hannu ta faɗi magana saboda ni, kuma ƙarya ce sai dai in ni na mayar da ita gaskiya. Na ɗebo robobin na tsaya a bakin ƙofa. An kashe ƙarar, mutane suna hawowa suna haki suna harara, ni kuma ina miƙa musu tuwo ina cewa, "Makan, makan, sori," wato ku ci, ku yi haƙuri. Indiyawa, 'yan Caina, Malayawa, kowa ya buɗe ya ga koriyar miya sai ya dubi ɗan uwansa. Wayata tana ta ruri a aljihu, masu babur da ɗalibai, ban ɗauka ba. Ta ƙarshe na miƙa wa Mista Lim. Ya karɓa ya fita.

Da aka watse Makcik ta kama hannuna muka sauka ƙasa. Dab da ɗakin shara akwai ɗan masallacin ginin, surau suke ce masa. A bakinsa ga akwatin katako mai tsaga a sama. Ta ce nan ake saka irin takardun nan, akwai masu zuwa su kwashe su ƙona su da ladabi. Kullum ta gabansa nake wucewa, amma kaina a sunkuye saboda kyamara. Kunya ta kama ni har na yi hawaye.

Da Baban Amira ya dawo na gaya masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a kujera da takalminsa ya daɗe bai cire ba. Kwana uku muna jiran jami'ai. Duk sanda lif ta tsaya a hawanmu sai in kasa kunne har takun ya wuce.

Ranar Asabar da safe, ya kai yara Islamiyya, aka ƙwanƙwasa. Sai da na yi salati sannan na buɗe. Mista Lim ne shi kaɗai, riƙe da robar tuwon nan, an wanke ta fes.

"Na rubuta gargaɗi na biyu, hayaƙi kawai," ya ce. "Madam, kenduri sau ɗaya a shekara, boleh, ba laifi. Kullum, cannot. Masu babur ɗin nan da ke zuwa ƙarfe sha biyu, tun watan farko nake ganinsu a kyamara."

Ya miƙo mini robar ya juya. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa.

Ban ƙara ɗora babbar tukunya ba, surau na kai wa ita. Sauran zaman muka lallaɓa da shinkafa da ƙwai har Baban Amira ya gama. Ya dawo da kwalin digirinsa, ni ko allura ban dawo da ita ba. Kuma maganar kyamarar nan ban taɓa gaya masa ba, ku ne na farko. Wata takwas ina ganin dabarata ce take rufa mana asiri, ashe karatun bawan Allah yana tafin hannun mutumin da ko gaisuwar kirki ban taɓa yi masa ba, shi ne dai bai damƙe ba.