Lafiyayyen Keke a Kife

A rumfar gyaran keke da ke gindin dutsen bayan gari, mai gyara ya juya taya, ya matsa birki, sannan ya ɗago ya dubi baƙon.

"Malam, keken nan lafiyarsa ƙalau. Me ka ce yana yi?"

"Ni ban ce yana komai ba, Baba. Wani ne ya gan ni a kan dutse na kife shi, ya dage sai da ya rako ni wurinka."

"To me ya sa za ka kife lafiyayyen keke a gefen hanya?"

Baƙon ya juya hular kwanonsa a hannu.

"Aiki ne ya kawo ni garin nan. A benen da nake zaune, ko gaisuwa ba a amsawa. Amma ranar da sarƙata ta zame a can sama, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya: 'Lafiya, ɗan'uwa? Kana da famfo?' Har ruwa wata ta ba ni."

"Shi ne ka mayar da abin sana'a?"

"Ranar hutu kawai. In kife shi, in zauna, a yi mini magana."

Mai gyara ya so ya yi dariya, amma dariyar ta ƙi zuwa.

"Kana tsayar da bayin Allah a tsakiyar hawa, su sake tashi da ƙyar. Alhaki ne fa."

"Na sani."

"Ga benci nan. In ka sauko, ka zo ka riƙe mini taya. Surutun rumfar nan, kai da kanka za ka ce ya isa. Keken kuwa, ka bar shi a kan ƙafafunsa."