Malam Badaru da Wushiryar Hansatu

Assalamu alaikum. Mai girma Babban Sakatare, shugaban asibitinmu, malamai da fastoci, Hajiya Rahmatu uwargidan marigayi, 'ya'yansa Manniru da Ameer, jama'a, sannunku da zuwa.

Sunana Hansatu. An ce in yi magana a madadinmu, mu ma'aikatan da aka kwaso daga Legas lokacin da gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja. Kada ku jira kuka daga gare ni, yau murna ce ta cika mini ciki!

Malam Badaru ya kasance mai haɗa haƙoran tangaran. Ya kasance mutumin da ya rungumo tanderun gasa haƙori a cinyarsa tun daga Legas, wai direbobi ba su san darajarsa ba. Ya kasance mai kafiya, Hajiya, ke ma shaida ce.

A tafiyar nan motar da nake ciki ta kife kusa da Abaji, haƙorana na gaba suka zube. Da aka sallamo ni daga asibiti, Malam ya haɗa mini sababbi, farare tas, a jere reras yadda aka koya masa. Na tafi sabon gidanmu a Kurudu ina taƙama. Na miƙa wa 'yata Kauthar hannu, tana 'yar ƙarama lokacin, na yi mata murmushi. Yarinyar nan ta ƙwala ihu ta ɓuya bayan maƙwabciya: "Wannan ba Mamana ba ce!" Ta ƙi cin abinci a hannuna, ta ƙi kwana kusa da ni. Wallahi haɗarin bai yi mini ciwo kamar wannan ba.

Na koma wurinsa a fusace. Na ce, "Malam, ka raba ni da 'yata!" Ya ce, "Subhanallahi! Hansatu, kawo mini hotonki na da." Yana gani ya dafe kai. "Ashe wushirya gare ki! Ni kuma na toshe ta, a zatona gyara na yi."

Bai aiko kowa ba. Ya sake gasa wasu, ya bar 'yar ƙofar nan a tsakiya, likita ya saka mini, sannan ya biyo ni har Kurudu a kan babur don ya gani da idonsa. Na durƙusa, na buɗe baki. Kauthar ta matso a hankali, ta sa ɗan yatsa a wushiryar, ta ce, "Mama, ina kika je?" Jama'a, babban mutum ya tsaya a tsakar gidana yana tafi yana hawaye!

Manniru, Ameer, ku ɗaga kanku. Mutane da yawa a garin nan da aikin babanku suke dariya, ni kuwa 'yata ya mayar mini.

Mun gode da kuka zo. Allah Ya jiƙan Malam Badaru, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya tashi gaban Ubangijinsa yana murmushi. Amin.